Akwatin Katako Mai Hujin Allura: Kyamara Ce ko Kayan Ado?

"Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Zariya, shekarata 14 ina aikin kujeru da kabad. Kwanan baya ƙanena ya nuna mini wasu 'yan akwatuna na katako a intanet, an yi musu kyakkyawan aiki da tagulla, wai kyamarori ne, amma ba su da gilashi a gaba, sai wani ɗan huji kamar na allura. Kuɗin guda ɗaya ya kai na waya mai kyau. Da gaske suna ɗaukar hoto, ko kayan ado ne kawai ake cin kuɗin masu kuɗi da su? In suna ɗauka, me zai sa mutum ya wahalar da kansa ga waya a aljihu? Kuma irina zai iya ƙera ta?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko akwatin yana aiki, ko wahalarsa tana da riba, da ko hannunka zai iya. Ta farko da ta ƙarshe ba su da tsawo. Yana ɗaukar hoto sarai, kuma kai da ka shekara 14 kana haɗa kusurwar kabad ka fi yawancin masu hoto kusa da iya ƙera shi. Ta tsakiyar ce za ta ɗan zaunar da mu. Ni na shiga sana'ar hoto tun ana wanke fim a ɗakin duhu, kuma na daɗe ina ƙera irin waɗannan akwatuna don kaina, tun daga gwangwanin madara har zuwa katakon maɗaci. Abin da zan gaya maka rabinsa karatu ne, rabinsa kuwa takardun da na ɓata ne suka koya mini.

Yadda huji yake zana hoto

Ka taɓa kwanciya a ɗakin kwano da tsakar rana, ƙofa a rufe, ka ga ɗigon haske a ƙasa daga inda aka cire ƙusa? Ka lura da kyau in ka sake gani. Ko da hujin a yage yake, ɗigon da ke ƙasa a zagaye yake fitowa, domin abin da kake gani surar rana ce da kanta ta sauko tsakar ɗakinka. Waɗanda suka ga husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa arewa maso yammacin Najeriya ya shiga Nijar, in sun dubi ƙarƙashin darbejiya a lokacin, za su tuna 'yan ɗigon hasken da ke ratso ganye duk sun koma kamar jinjirin wata. Kowace 'yar kafa tsakanin ganye biyu ta zama kyamara.

Dalilin shi ne haske a miƙe yake tafiya, ba ya kwana. Wanda ya taso daga kan bishiya ya bi ta huji, ƙasan bangon ciki zai sauka. Wanda ya taso daga gindinta, sama zai sauka. Tunda hujin ƙarami ne, kowane wuri a waje yana da nasa ɗan gurbin a ciki, ba su cakuɗa ba, sai sura ta fito a kife, dama ta koma hagu. Ka sa takarda mai jin haske a wannan bangon, ka sami hoto.

Sanin wannan ya girmi sana'ar hoto nesa ba kusa ba. Almajiran wani masani na ƙasar Sin mai suna Mozi sun rubuta batun surar da ke kifewa tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Amma wanda ya zauna ya bi abin da gwaji shi ne Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040. A cikin Kitabul Manazir ya bayyana yadda ya jera fitilu a gaban wata kafa da ke kaiwa cikin wuri mai duhu, kowace fitila ta jefa nata hasken a bangon da ke fuskantarta. In ya rufe fitila ɗaya, haskenta kaɗai ke ɓacewa, sauran na nan. Da wannan ya nuna cewa haskoki suna ratsa kafa ɗaya ba tare da sun gauraya ba. Ɗaukar hoto da huji kuwa sai a ƙarni na 19, bayan an sami sinadaran da ke kama haske. David Brewster, mutumin Sikotland, ya yi bayaninsa a 1856. A 1890 wani Baturen Ingila, George Davison, ya nuna hoton wata gonar albasa da ya ɗauka da huji, hoto mai laushi kamar an zana da gawayi, aka yi ta gardama a kansa: wasu suka ce fasaha ce, wasu suka ce ɓata takarda ne. Ka ga gardamar da ka taso da ita ta daɗe.

To gilashin da ke gaban sauran kyamarori fa, aikin me yake yi? Yana tara haske mai yawa ya haɗa shi wuri ɗaya, shi ya sa ake ɗaukar hoto cikin ƙiftawar ido. Amma sai an saita shi: in na kusa ya fito tas, na nesa ya dushe. Huji ba ya tara komai, haske kaɗan yake bari ya wuce, don haka dole a jira. Ladan jiran shi ne ba a saita shi. Tsakuwar da ke dab da akwatin da hasumiyar da ke can ƙarshen gari duk daidai suke fitowa, babu wanda ya yi kaifi sosai, babu wanda ya dushe.

Inda gizo yake saƙar

Abu uku ne ke mayar da akwati kyamara: huji, zurfi da duhu. Duk sauran, daga sassaƙa zuwa goge tagulla, a kan waɗannan ukun suke hawa.

Hujin ba a jikin katako ake yin sa ba. Katako ya yi kauri, haske zai shiga kamar ta cikin bututu, gefen hoton ya yanke. Ana fafe rami mai faɗin kamar santimita 1 a katakon, a manna siririn ƙarfe a bayansa, a huda ƙarfen. Masu sayarwa a ƙasashen waje da yawa suna huda tagulla da na'urar leza. Ni kuwa gwangwanin lemo nake yankawa, in goge shi da samfefa mai laushi har ya kusa zama takarda. Sai in ɗora shi a kan katako mai tauri, in dafa bakin allura ina murzawa a hankali. Ba na barin allurar ta fasa. Da na ga ɗan ƙullutu ya taso ta baya sai in juya in goge ƙullutun, in sake murzawa, in sake gogewa, har ƙofar ta buɗe da kanta. Wanda ya soka allura gaba ɗaya zai sami huji mai yagaggen baki, kuma wannan yagewar da ido ba ya gani za ta fito a kowane hoto. In na gama sai in ɗaga shi a haske in duba da gilashin ƙara girma. A cikin biyar da wuya in ajiye fiye da ɗaya.

Girman hujin ba a yin sa da ka. In ya yi faɗi, hoto ya dushe saboda haskoki sun hau kan juna. In ya yi ƙanƙanta fiye da kima, hoto ya sake dushewa, saboda haske in aka matse shi a ƙofa ƙarama ƙwarai bazuwa yake yi ta gefe. Tsakanin biyun akwai ma'auni, kuma ya dogara da zurfin akwatin, wato nisan da ke tsakanin huji da takarda. Wani masanin Ingila, Lord Rayleigh, ya fitar da lissafinsa a 1891, har gobe da shi ake aiki. Ba sai ka haddace lissafin ba, riƙe waɗannan: akwati mai zurfin milimita 50 yana son huji mai faɗin milimita 0.3, mai zurfin 100 yana son kimanin 0.45, mai zurfin 150 kuwa kimanin 0.55. Lura cewa ninka zurfi ba ya nufin ninka huji. In ka ɗan kauce kaɗan ba laifi, hoto zai fito. In ka kauce da ninki biyu, za ka gani.

Zurfin kuma shi ke yanke abin da kyamarar za ta gani har ƙarshen ranta. Akwati mara zurfi yana kwaso fili mai faɗi, ya tura komai nesa, ya duhunta kusurwoyi domin haske ya fi yin tafiya kafin ya kai can. Akwati mai zurfi yana tsuke gani ya jawo abu kusa. In bayan akwatin a shafe yake, layin gini a miƙe zai fito. In ka lanƙwasa takardar, kamar a cikin gwangwani, sai titi ya yi baka, sararin sama ya buɗe. In ka yi huji biyu, sura biyu za su hau kan juna. Mai kyamarar zamani yana sauya gilashi ko ya ja hoto da yatsa. Mai huji ba shi da wannan. Ranar da ya auna katako ya yanka, ranar ya zaɓi irin idon da akwatin zai yi kallo da shi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin kiran waɗannan akwatuna aikin fasaha bai zama zuƙi-ta-malle ba: rabin hoton a kan bencin kafinta ake ɗaukarsa.

Saura duhu, kuma a nan na sha kashi. Akwatina na farko da na yi alfahari da shi na maɗaci ne. Ni da wani kafinta muka haɗa shi da damina, muka goge, muka shafa masa banish ciki da waje, har mutane suna tambaya ko akwatin turare ne. Hotunan farko suka fito da wani hazo a tsakiya. Na ɗauki kwanaki kafin in gane cewa banish ɗin ciki ne yake ƙyalli yana watsa haske a kan takarda. Na kankare, na shafa baƙin fenti mara ƙyalli, irin na allon makaranta, abu ya gyaru. Da hunturu ya shigo kuma sai wani baƙin zane ya bayyana a gefen kowace takarda, kullum a wuri ɗaya. Katakon bai gama bushewa ba lokacin da muka yanka, iskar hunturu ta tsotse shi, mahaɗin kusurwa ya buɗe da abin da bai kai kaurin gashi ba. A kabad babu mai lura da wannan. A kyamara ya isa ya ɓata aikin yini guda. Tun daga nan ba na yarda da mahaɗin da katako biyu suka yi karo kawai. Sai an yi masa lanƙwasa ko tsagi, yadda haske zai yi kwana biyu kafin ya shiga, tunda mun ce ba ya kwana. Murfin baya ma haka, da leɓe mai shiga ciki, da baƙin ƙyalle mai gashi-gashi a bakinsa.

Masu ƙera su, da abin da ake saya

Irin waɗanda ƙanenka ya nuna maka, akwai sanannun masu yin su. Zero Image na Hong Kong suna aiki da katakon tik da tagulla, kyamarorinsu kamar akwatin ajiye zobe. ONDU na ƙasar Sulobeniya, waɗanda suka fito a 2013, sun yi suna da masu katakon gyaɗar Turawa, waɗanda maganaɗisu ne ke riƙe murfinsu maimakon ƙugiya. A Amurka akwai Kurt Mottweiler, wanda yake ƙera masu ɗaukar hoto mai faɗi da bayansu a lanƙwashe. Waɗannan duka fim ake sa musu, galibinsu suna da mariƙin naɗe fim, da 'yar taga ta ganin lambar hoto, da gurbin ɗaurawa a kan sanda mai ƙafa uku. Kuɗin da ka gani na katako mai kyau ne, da huji da aka auna daidai, da awoyin hannu, da kuma ƙarancin masu saye. Kai ka san bambancin kuɗin kujerar da aka yi guda ɗari da wadda aka yi guda ɗaya.

Akwai kuma wani rukuni da suka wuce nan, waɗanda akwatin kansa magana yake yi. Steve Irvine, maginin tukwane ne a Kanada, da yumɓu yake gina kyamarorinsa ya gasa su, wasu kamar tsofaffin injuna, wasu kamar halittun ruwa, kuma kowace tana ɗaukar hoto. Wayne Martin Belger, Ba'amurke, yana ƙera kyamara ɗaya domin batu ɗaya, ya sa wani abu na batun a jikinta. Wadda aka fi sani ita ce wadda ya yi don ɗaukar masu ɗauke da cutar ƙanjamau: jinin wani mai cutar yana zagayawa a cikin gilashi a gaban hujin, ta cikin jinin haske yake bi kafin ya kai fim. Na fahimci abin da yake nufi, kuma ba zan ce bai taɓa ni ba. Amma yana da wata da ya yi da ƙoƙon kan mutum, wannan kam raina bai karɓa ba, mamaci yana da alfarmarsa ko da sunan fasaha ne. Na kawo shi ne don ka ga iyakar inda wasu suka kai tunanin cewa jikin kyamara yana cikin ma'anar hoton.

Da yake huji ba ya zaɓen akwati, an kai abin ƙarshe ta kowane gefe. Justin Quinnell na birnin Biristol a Ingila ya yi 'yar ƙarama da yake sawa a cikin bakinsa, hoto ya fito da haƙoransa a gefe. A 2006 wasu masu fasaha shida a Kalifoniya suka toshe duk wata kafa ta wani tsohon ɗakin ajiye jiragen yaƙi a El Toro, suka bar huji mai faɗin kimanin milimita 6, suka ɗauki hoto na minti 35 a kan ƙyalle mai tsawon kusan mita 34. Wata ɗaliba kuma, Regina Valkenborgh, ta ɗaura gwangwani mai takarda a ciki a jikin ɗakin duban taurari na Jami'ar Hertfordshire ta Ingila a 2012, aka manta da shi, sai a 2020 aka sauke, aka tarar ya zana hanyar rana a sama sau 2,953. Gwangwanin da ake zubarwa a bola ke nan. A Santa Fe ta jihar New Mexico a Amurka akwai gidan tarihi da ke ajiye da tarin hotuna da kyamarorin huji da Eric Renner da Nancy Spencer suka shafe shekaru suna tarawa, kuma tun 2001 ake ware Lahadin ƙarshe ta watan Afrilu a matsayin ranar hoton huji ta duniya.

Zargin da ka yi na cewa wasu kayan ado ne kawai, yana da ƙamshin gaskiya. Na riƙe akwatunan da aka ƙawata ƙwarai amma murfin hujinsu yana girgiza kyamarar in an buɗe, ko gindinsu bai zauna daidai ba. Kuma gaskiyar da masu sayarwa ba sa so a faɗa ita ce, in huji ɗaya ne, zurfi ɗaya, takarda ɗaya, gwangwanin madara da akwatin tik hoto ɗaya za su ba ka. Haske bai san tsadar katako ba. Abin da akwati mai kyau yake ƙara maka shi ne nauyin da iska ba ta motsawa, murfin da ke zamewa ba gargada, saukin sa fim, da ƙarkon shekaru. Sai kuma abin da ba a aunawa, wato daɗin riƙe abin da hannu ya gyara. Ma'aunina a nan irin na ƙwarya ne. Ƙwaryar da aka yi wa zane ta fi daɗin ido, ana ma jera ta a ɗaki, amma ranar da aka dama fura a ciki ta zuba, sunanta sakaina. Duk adon da ya taimaki huji, zurfi da duhu, ko aƙalla bai tsare musu hanya ba, ina maraba da shi. Wanda ya hana su aiki, fankam-fankam ne.

Ga waya a aljihu

In buƙatarka hoton biki ne ko na kayan da za ka tura wa mai saye, waya ta fi, babu ja. Hoton huji ba ya da kaifinta, ba ya da saurinta, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai ka wanke. Abin da yake da shi wanda waya ba ta ba ka cikin sauƙi shi ne lokaci. Akwatina mai zurfin milimita 100, in na sa masa takardar hoto, yana buƙatar kamar sakan 30 zuwa minti 1 a tsakar rana, mintoci da yawa a inuwa, awoyi a cikin ɗaki. Duk abin da ya motsa a wannan tsakanin ko dai ya zama hayaƙi ko ya ɓace.

Wata ranar kasuwa na ajiye akwatin a kan wani dakali, na danne shi da dutse, na buɗe huji na ƙirga 45. Wurin cike yake maƙil, masu baro, masu talla, babura. Da na wanke takardar sai ga kasuwa fayau kamar an yi shara, rumfuna da buhuna kawai, da wani farin hazo-hazo a hanya inda jama'a suka yi ta wucewa. Mutum ɗaya ne ya fito: wani tsoho mai sayar da igiya da ke zaune ya jingina da turke yana gyangyaɗi. Kusa da shi akwai jaki, jikinsa ya fito sosai, kansa kuwa babu, don bai daina kaɗa shi ba. Na ɗauki dubban hotunan kasuwa da kyamarori masu tsada, babu wanda nake komawa in duba kamar wannan.

Akwai kuma abin da jiran yake yi wa mai ɗauka. In takarda shida kawai ka fito da su, kuma kowace sai ka koma duhu kafin ka sauya, ba za ka buɗe huji a kan abin da ba ka tsaya ka kalla ba. Dattawanmu za su tuna masu hoton fasfo na bakin ofisoshi da tasha, masu akwatin katako a kan ƙafa uku, da hannun riga baƙi da suke zura hannu ciki. Nasu yana da gilashi, amma aikin takardar iri ɗaya ne: a ɗauki hoto ya fito baƙi a wurin fari, a sake ɗaukar wannan ya dawo daidai.

In za ka gwada

Kada ka fara da katako mai tsada. Ka fara da kwali ko gwangwani, ka yi huji, ka cire bayan ka manna farar takarda mai shara-shara, ka lulluɓe kanka da bargo ka nufi waje mai rana. In ka ga unguwarku a kife a kan takardar, ka fahimci abin da ba zan iya rubuta maka ba. Bayan nan ka yi akwati na gwaji da falanki mai arha, mai cin takarda ɗaya, zurfin milimita 100. Sai wanda ya yi maka hoto mai kyau za ka maimaita da busasshen maɗaci.

Gwajin duhu kuwa tilas ne kafin ado. Ka sa takarda a ciki, huji a rufe, ka ajiye akwatin a rana minti 10 kana juya shi kowane gefe, sannan ka wanke. In ta fito fara fat, akwatinka ya ci jarrabawa. In akwai baƙi, wurin da ya fito zai nuna maka inda yake yoyo. Murfin huji ka yi shi mai zamewa da sauƙi, ko ka yi dabarar da nake yi: in tare gaban da hulata, in buɗe murfin, in bari akwatin ya natsu, sannan in janye hular. A gindi ka dasa noti mai kwata ɗin inci, shi ne ma'aunin sandunan kyamara.

Babbar wahalarka ba ta katako ba ce, ta takarda da magani ce. Tunda ɗakunan hoto suka koma kwamfuta, takardar baƙi-da-fari da fim sun yi wuya a kasuwanninmu, galibi sai an yi oda. Mafitar da na fi amfani da ita ita ce fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan asibiti tare da magungunan wankinsa. Ana iya yanka shi a ƙarƙashin jar fitila mara ƙarfi kamar takarda, ya kuma fi ta saurin kama haske. Aibinsa shi ne fuska biyu gare shi, in ya jiƙe ko farce ya taɓa shi sai ya karce. Wasu suna haɗa maganin wanki da garin kofi, sodar wanki da bitamin C, yana kuma yi, amma maganin da ke tsayar da hoto kada ya baƙanta daga baya dole a saya. Ka kula da zafi: an tsara magungunan nan ne a kan zafin digiri 20 na Selsiyas, ruwan randa a watan Afrilu kuwa ya wuce haka, sai hoto ya ƙone kafin ka ankara. Ni da asuba nake wanki, ko in sa kwanon maganin a cikin ruwan ƙanƙara. Wani abu kuma, fim yana yin kasala in jira ya yi tsawo, abin da lissafi ya ce sakan 10 yana iya neman 20 ko fiye, saboda haka ka riƙe ɗan littafi kana rubuta lokaci da yanayin rana na kowane hoto. In ka sami hoton da ya fito a juye, baƙi a wurin fari, ka ɗauke shi da waya ka juya launin, ba sai ka sake bugawa ba.

Iyakata a nan ita ce, aikina duk na baƙi-da-fari ne a kan takarda da fim ɗin asibiti. Injin naɗe fim irin na waɗancan kamfanoni sau biyu na gwada, duka biyun suna karce fim, na haƙura. Kuma ba zan yi maka alkawarin kasuwa ba. Masu sayen irin wannan kaya 'yan kaɗan ne ko a ƙasashen da ake yayinsa, kuma mai saye yana fara tambayar hotunan da akwatin ya ɗauka kafin ya tambayi sunan katakon. In za ka sayar, kowane akwati ya tafi da hoton da shi kansa ya ɗauka, da zurfinsa da faɗin hujinsa a rubuce a cikin murfi.

Shawarata ta ƙarshe a kan ado: kada ka kwaikwayi tik da tagullar Hong Kong, sun riga ka, kuma sun fi ka injuna. Kana zaune a garin da aka san shi da zanen bango da ɗinkin hannu, ga dukawa, ga maƙeran farin ƙarfe, ga masu sassaƙa. Jar fata tana rufe mahaɗi ta hana haske shiga, ka ga ado ya yi aiki. Murfin huji na tagulla da maƙeri ya buga yana da nauyin da zai zauna inda aka sa shi. Na taɓa yin ɗaya da ƙwarya biyu da aka kifa wa juna, na ɗauka kaurinta ya isa. Da na leƙa ciki a rana sai na ga bangon duka yana yin ja kamar garwashi, haske yana ratsa ta. Sai da na shafa baƙin fenti sau uku a ciki, na ɗinke bakin da fata, na manna wani ɗan falanki a ciki da zai riƙe takarda a miƙe, sannan ta yi shiru. Zanen wajen kuwa ban taɓa shi ba, yadda mai ƙwaryar ta ƙona abinta haka na bar shi.